Tamfol da Tanti: Sai da Tazara a Tsakani

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ambaliya ta mamaye Maiduguri, dubban iyalai suka koma kwana a tantuna da rumfunan tamfol. A sansanin Minawao na Kamaru da yankin Diffa na Nijar kuwa, shekara da shekaru ke nan 'yan gudun hijira suna irin wannan zama. Ga kuma 'yan sikawut da masu aikin hanya da ke kafa tanti na 'yan kwanaki. Dukkansu sun san tanti shi kaɗai ba ya isa, shi ya sa ake haɗa shi da tamfol. Sai dai da yawa sukan lulluɓa tamfol ɗin ne kai tsaye a kan tantin su danne da duwatsu, kuma daga nan wahalar take farawa.

Tamfol ba ya barin ruwa ya shiga, haka kuma ba ya barin tururi ya fita. Mutum guda, ta numfashi da fatar jikinsa, yana fitar da ruwan da ya kai cikin kofin shayi a dare ɗaya, ko da bai yi gumi ba. Iyali mai mutum biyar sun haura lita. Ƙasa ma tana tayar da nata danshin. Da asuba, idan tamfol ya yi sanyi, tururin nan sai ya koma ruwa a jikinsa ta ciki, kamar yadda ake gani a murfin tukunya, ya riƙa ɗiga a kan masu barci. Sai a ce tantin ya fara yoyo, alhali ko ɗigon ruwan sama bai shiga ba. Tabarma ta yi funfuna, tufafi su ƙi bushewa, yara kuma su kwana cikin laima.

Maganin bai wuce a ɗaga tamfol ɗin ba. A kafa gwafa biyu, a ja igiya a tsakaninsu sama da ƙololuwar tanti, a rataya tamfol a kai, a bar tazarar aƙalla taƙi biyu. Iskar da ke ratsa wannan tsakani ita ke kwashe danshi da dare, ita ce kuma ke rage zafi da rana. Tamfol ne zai sha rana, zafin da ya tara iska ta tafi da shi kafin ya kai ga yadin tanti. Idan kuwa manne suke, duk zafin ciki yake zubawa. Launi ma yana da tasiri. Tamfol ɗin da ƙungiyoyin agaji suke rabawa, mai mita 4 da 5 ko mita 4 da 6, saƙaƙƙen zaren roba ne baƙi da aka shafe da farar leda: farin yana mayar da hasken rana, baƙin tsakiya yana hana shi ratsawa. Siririn shuɗin nan na kasuwa rana ba ta daɗewa take cinye shi, ya dinga yagewa ko da taɓawa aka yi.

Ruwan sama ya fi nauyi yadda ake zato. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, wato kilo guda. Tamfol mai mita 4 da 6 idan aka yi ruwan milimita 20, lita 480 ce za ta sauka a kansa, sama da jarka 19 masu lita 25. In bai samu gangara ba, sai ruwa ya kwanta a tsakiya, ya ja shi ƙasa har ya karya gwafa ko ya tumɓuke turke. Don haka a ja shi ya miƙe tsaf, a karkata shi, bakinsa ya zarce tantin ta kowane gefe. A Arewa hadari daga gabas ya fi tasowa, da iska mai ƙarfi a gaba, saboda haka ɓangaren gabas shi ya kamata a sauko da shi kusa da ƙasa. Inda babu zoben ɗauri, kada a huda tamfol. A naɗe ɗan dutse mai santsi a gefensa, a ɗaure igiya a wuyan ƙullin. Ya fi huda riƙo nesa ba kusa ba.

Na ƙasa kuma akasin na sama ne. Tamfol ɗin da aka shimfiɗa ƙarƙashin tanti don kare shi daga ƙaya da danshi bai kamata ya leƙo waje ba. Duk abin da ya leƙo zai tari ruwan da ke gangarowa ya kai shi ƙarƙashin shimfiɗa. A ninke gefensa ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hunturu. Sanyi kan sa a rufe ko'ina ruf da tamfol, a shigo da garwashin gawayi don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mai barci bai farka ba. Roba kuma da ta kama wuta narkewa take yi, ta ɗiga a jikin mutum. A bar murhu da kurfoti a waje, nesa da igiyoyi, a kuma bar kafar iska a buɗe ta sama komai tsananin sanyi.