Keken Tsauni da Maharban Dazukan Amurka: Yadda Ake Zaɓensa

A yammacin ƙasar Amurka, musamman a jihohin Montana da Aidaho da Oregon, idan kaka ta kama a watannin Satumba da Oktoba, maharba sukan bazama cikin dazukan gwamnati neman wata babbar barewa da ake kira elk. Girman wannan dabba ya kai na gwanki, domin namijinta kan kai kilo 300 ko fiye. Hukumar Kula da Dazuka ta Amurka, wadda aka kafa a shekarar 1905, tana riƙe da fili mai faɗin eka miliyan 193, kuma a cikinsa akwai hanyoyi da tsawonsu ya kai kimanin mil 370,000. An sassare mafi yawansu ne domin fitar da katako. Da aikin katakon ya ragu, sai aka gitta wa da yawa daga cikinsu ƙofar ƙarfe, aka hana mota da babur wucewa, amma aka bar mai tafiya a ƙasa da mai doki da mai keke.

To, a nan ne keke ya sami shiga harkar farauta. Mutumin da zai ci kilomita 15 a ƙafa yana bukatar sa'a uku ko fiye, alhali mai keke zai iya cinye ta cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, ya isa inda dabbobi suke kafin gari ya waye. Sai dai wane irin keke? Tambayar tana da daɗin nazari ga ɗalibin kimiyya, domin kusan duk amsarta tana cikin darussan fizika na makarantar sakandare.

Lissafin dawowa

Kuskuren da sabon maharbi ya fi yi shi ne ya zaɓi keke yana tunanin tafiya, ya manta da dawowa. A lokacin tafiya daga shi sai baka ko bindiga da ɗan guzuri. Idan kuwa ya yi sa'a, naman elk guda bayan an feɗe an cire ƙashi yakan kai kilo 90 ko ya wuce, kuma dokokin waɗannan jihohi sun haramta a harbi dabba a bar namanta ya lalace a daji. Watan Satumba yana da ɗumi da rana, nama kuwa ba ya jira. Ke nan dole a fitar da shi cikin hanzari, sawu uku ko huɗu. Saboda haka bari mu ɗauki wani misali da za mu yi ta amfani da shi: mahayi mai kilo 75, keke mai kilo 15, kaya kilo 30. Jimla kilo 120 ke nan, a kan hanya mai tudu da gangare da duwatsu da taɓo.

Giya

Mai karatu ya san baƙin keken nan na gargajiya, irin su Raleigh da Phoenix, wanda ke ɗaukar buhun hatsi zuwa kasuwa. Keke ne mai juriya ƙwarai, amma giyarsa ɗaya ce. A ce farantin gaba, wanda feda ke juyawa, yana da haƙora 44, na baya kuma yana da 18. Duk juyi ɗaya na feda zai juya tayar baya sau biyu da kusan rabi, wato keken zai ci kimanin mita 5.4. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan abin so ne.

Yanzu a kawo shi gaban tudu wanda yake tashi mita 10 a kowace mita 100. Idan mahayi yana juya feda sau 70 a minti, gudunsa zai kai kimanin mita 6.3 a daƙiƙa, wato yana ɗaga kilo 120 sama da mita 0.63 a kowace daƙiƙa. A ninka 120 da 9.8 da 0.63, za a sami kusan wat 740. Lafiyayyen mutum wanda ba ɗan tsere ba yakan iya jure wat 100 zuwa 200 ne na tsawon lokaci. Shi ya sa mai baƙin keke yake sauka ya tura.

Keken tsauni na zamani kuwa yakan zo da faranti mai haƙora 30 a gaba, a baya kuma jerin faranti goma sha ɗaya ko goma sha biyu, wanda mafi girmansu kan kai haƙora 50. A wannan giya juyi ɗaya na feda bai fi mita 1.4 ba. Gudun ya koma mita 1.6 a daƙiƙa, bai wuce saurin mai tafiya a ƙasa da kaɗan ba, amma ƙarfin da ake bukata ya sauko zuwa kimanin wat 190. Aikin da za a yi kafin a kai ƙolin tudun bai ragu ko kaɗan ba. An dai shimfiɗa shi ne a kan lokaci mai tsawo. Don haka abin da maharbi zai fara dubawa shi ne giya mafi sauƙi da keken yake da ita. Yawan giyoyin, wanda 'yan kasuwa ke cika baki da shi, bai kai wannan muhimmanci ba.

Birki da zafi

Duk tudun da aka hau sai an sauko shi, kuma a nan ne haɗarin yake. Tarihin keken tsauni kansa ya nuna haka. A cikin shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya suna gangarowa da su daga duwatsun da ke kewaye da Dutsen Tamalpais. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tsere a kan hanyar daji da ke saukowa kimanin mita 400 a cikin kilomita uku. Birkin waɗancan kekuna yana cikin cibiyar tayar baya ne, kuma yakan yi zafi har giris ɗin cikinsa ya ƙone ya yi hayaƙi, sai an sake cusa sabo bayan kowace saukowa. Daga wannan sake cusa giris ne tseren ya sami sunansa, Repack. Cikin waɗannan samari akwai Joe Breeze, wanda ya ƙera keke na musamman domin wannan aiki a 1977, da Gary Fisher da Charlie Kelly. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai irin wannan keke ga jama'a da yawa.

Me ya ƙona giris ɗin? Makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Maharbinmu mai kilo 120 idan ya gangaro mita 300, makamashin da ya saki shi ne 120 sau 9.8 sau 300, wato jul 352,800. Kai lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa yana cin kimanin jul 314,000 ne kawai. Iska da gogayyar taya suna shanye wani kaso, amma mai sauka a hankali da kaya yana zuba mafi yawan wannan zafi ne a cikin birkinsa.

Birkin roba da ke matse gefen rim yana da aibi biyu a irin wannan hanya. Rim yana kusa da ƙasa, yana kwasar ruwa da taɓo, sai robar ta riƙa sulɓewa; sannan idan rim ya ɗan lanƙwashe, birkin ya riƙa kamawa yana saki. Birkin faifai, wanda ke matse wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili, ya kauce wa duka biyun. Faifai mai faɗin milimita 180 ko 203 ya fi mai 160 dacewa da mai kaya, saboda ya fi nisa da cibiya, don haka ya fi ƙarfin riƙo, kuma yana da fili mai yawa na zubar da zafi. A ganina, idan kuɗi sun yi kaɗan, gara a tsuke a ko'ina a kashe a kan birki.

Taya

Duk wanda ya ga raƙumi yana tafiya a kan rairayi inda jaki ke nutsewa ya riga ya san darasin matsi: nauyi a raba shi da faɗin wurin da ya taka. Tayar keke takan baje a ƙasa har sai faɗin da ta taka, idan aka ninka shi da matsin iskar cikinta, ya yi daidai da nauyin da ke kanta. Kilo 120 kusan niyuton 1,180 ne. Siririyar taya mai iska ba 4 za ta taka kimanin murabba'in santimita 29 gaba da baya. Tayar keken tsauni mai faɗin inci 2.4 da iska ba 1.8 za ta taka kimanin 65. Jibgegiyar taya mai inci huɗu, irin wadda keken Pugsley na kamfanin Surly ya yaɗa daga 2005, tana iya aiki da iska ba 0.6, ta taka kusan 200.

Ba kullum ne mafi faɗi ya fi ba. Jibgegiyar taya ta yi wa dusar ƙanƙara da yashi daidai, amma tana da nauyi, kuma a kan busasshen burji tana cin ƙarfin mahayi a banza. Ga yawancin hanyoyin katako, inci 2.3 zuwa 2.8 ya wadatar. Tayar da ba a cika mata iska tam ba tana da wata fa'ida kuma: tana lanƙwashewa ta rungumi ƙananan duwatsu, maimakon ta yi ta tsalle a kansu tana jijjiga mahayi da kayansa.

Girman wili ma yana da lissafinsa. Idan wili mai inci 26 da mai inci 29 suka ci karo da dutse mai tsayin santimita 10, ƙarfin da babban yake bukata kafin ya haye ya gaza na ƙaramin da kusan kashi 9 cikin 100. Bambanci ne ƙarami, amma a hanyar da ake cin karo da dubban duwatsu yana taruwa.

Sai maganar faci. A busassun kwaruruka na yammacin Amurka akwai wata ƙaya da masu keke suka tsana, wadda ba baƙuwa ba ce gare mu: tsidau ce, wadda ta shiga can daga ƙetare ta yaɗu. Maganin da aka samo shi ne taya marar tub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo a ciki. Ƙaya na hudawa, iska ta tunkuɗo ruwan cikin hudar ya daskare ya toshe ta. Duk da haka mai hankali ba ya shiga daji ba tare da tub na ko-ta-kwana da famfo da abin haɗa kaca ba, domin dutse mai kaifi kan yaga taya yagar da ruwan ba zai iya toshewa ba.

Jikin keke da kaya

Kekunan tsauni masu tsada suna da shokozoba gaba da baya. An yi su ne domin masu gudu a gangare da tsalle-tsalle. Maharbi ba ya yin ko ɗaya. Shokozobar baya tana ƙara nauyi da kuɗi, tana da mahaɗai da ke cinyewa, kuma tana wahalar da ɗaura kariya, tun da bayan keken yana motsi sama da ƙasa. Keke mai shokozoba a gaba kawai, mai ramukan kusoshi na ɗaura kariya, ya fi dacewa da aikin. Game da ƙarfen da aka yi jikin da shi, alminiyam bai fi kashi ɗaya cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe ba, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, shi ya sa ake yin bututunsa da kauri. Bambancin da ke fitowa a ƙarshe bai fi kilo ɗaya ko makamancin haka ba, wanda bai taka kara ya karya ba ga mai ɗauke da kilo 30 na nama.

Inda aka ɗora kayan ya fi wannan muhimmanci. Jaka mai nauyi a bayan mahayi tana ɗaga cibiyar nauyi sama, keke ya riƙa tangaɗi, a gangare kuma ta nemi jefa shi ta kan hannun keken. Shi ya sa da yawa suke amfani da jakunkuna a gefen tayar baya, ko ƙaramar tirela. Tirelar BOB Yak mai taya ɗaya, alal misali, an ƙayyade mata kimanin kilo 32. Tirela ba ta da birki nata, saboda haka duk nauyinta yana turo keken ne a gangare, abin da ya sake mai da mu ga faifan birki.

Wani abin dariya shi ne kekunan da ake shafa wa fenti mai launin ganye ana sayarwa da tsada. Idon barewa iri biyu ne kawai na ƙwayoyin gane launi yake da su, ba uku ba kamar na ɗan Adam, kuma ba ya bambance ja da ruwan goro daga kore sosai. Saboda haka ne jihar Montana take tilasta wa masu farautar manyan dabbobi da bindiga su sa riga mai ruwan goro mai haske, domin 'yan'uwansu maharba su gan su. Motsi da ƙara da wari ne ke korar dabba. Kacar da aka sa wa mai da birkin da ba ya kuka sun fi fenti amfani.

Inda keke ke tsayawa

Ba ko'ina doka ta yarda a shiga da keke ba. Dokar Kare Ƙungurmin Daji ta 1964 ta hana duk wani abin hawa mai aiki da na'ura a yankunan da aka keɓe, kuma a 1984 Hukumar Kula da Dazuka ta fayyace cewa hanin ya haɗa da keke. Keke mai batir kuma, a ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2022, ana lissafa shi cikin ababen hawa masu inji, don haka ƙofar da ta tare babur ta tare shi. Maharbin da ya kashe dukiya ya sayi mai batir yana iya tarar da cewa hanyar da ya saye shi dominta a rufe take gare shi.

Dabbobin ma suna da tasu iyakar. A Dajin Gwaji na Starkey da ke arewa maso gabashin Oregon, masu bincike sun rataya wa elk na'urorin bin sawu tsakanin 2002 da 2004, suka auna yadda suke yi idan babur mai taya huɗu ko keke ko doki ko mai tafiya a ƙasa ya wuce. Sun gano cewa babur da keke sun fi doki da mai tafiya a ƙasa sa dabbobin gudu. Wannan ya yi daidai da abin da gogaggun maharba ke yi: sukan tuƙa cikin duhun asuba da fitila a goshi da makami ba harsashi a ciki, su jingine keken a bayan itace tun da sauran kilomita ɗaya ko biyu, su duba inda iska ke kaɗawa, sannan su ƙarasa da ƙafa.