Kuɗin cefane ya gaza? Ga yadda za ki cika tukunya ba tare da yara sun rame ba



Akwai tambayar da nake yi wa duk uwar da ta kawo mana yaro ya rame: jiya me ya ci, daga safe zuwa dare? Amsar kusan ɗaya ce kullum. Koko da sukari da safe, taliya da mai da yaji da rana, da daddare a sake dama koko.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo 'yarta mai wata 16. Na ɗaura mata tef ɗin da muke awon damtse da shi, sai ya tsaya a ruwan ɗorawa, dab da ja. Uwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, abin da ake ba ni ba ya kai wa ga nama da madara." Na ce mu bar zancen nama, ki lissafa min abin da ke ɗakin girkinki yanzu. Ta ce akwai sauran wake, akwai ƙuli-ƙuli, akwai manja kaɗan, maƙwabciyarta kuma tana da bishiyar zogale. Ashe abin da jikin yarinyar yake nema yana cikin gidan. Ba a ba ta ne kawai, don ana ganin wake ya yi wa yaro nauyi.

Ban ga laifinta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane mudu da kowane kwandon tumatir. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ni kaina albashi nake ɗauka, amma daga 20 ga wata nake fara leƙa gindin buhu. Abin da zan faɗa miki a nan shi nake yi a gidana, shi kuma nake faɗa wa iyaye mata a wurin aiki.

Kowace tukunya ta tsaya da ƙafa uku

Kamar murhu, abinci ma duwatsu uku ne ke riƙe da shi. Na farko mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, dankalin Hausa, rogo. Na biyu mai gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai, busasshen kifi, nono. Na uku mai kare jiki daga cuta: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kuka, kabewa, manja.

Idan kuɗi ya yi ƙaranci, dutse na biyu da na uku muke fara jefarwa, mu bar na farko shi kaɗai. Ciki zai cika, yaro zai yi barci, amma jiki ba ya samun abin ginuwa. Da haka tamowa take shigowa a hankali.

Hatsi da wake kuwa abokan juna ne. Abin gina jiki da hatsi ya rasa yana cikin wake, wanda wake ya rasa yana cikin hatsi. Shi ya sa garau-garau, ɗan wake, koko da ƙosai, da faten tsaki mai wake suka fi farar taliya amfani nesa ba kusa ba. Kafin ki sauke tukunya ki tambayi kanki, wane dutse ne babu? Idan ganye ne, ki watsa hannu guda na zogale. Idan mai gina jiki ne, ki daka ƙuli-ƙuli ki barbaɗa.

Wake da waken suya su ne naman wannan zamani

Mudu ɗaya na wake yana fita da fuska uku a gidana. Ranar farko faten wake da manja da alayyahu. Rana ta biyu a haɗa shi da shinkafa ko tsakin masara. Rana ta uku alale, wanda yara ke tafiya da shi makaranta maimakon biskit. Babu wanda ya ce ya gaji da wake, don bai dawo da kama ɗaya ba.

Waken suya ya fi waken gida yawan abin gina jiki, ga shi da mai a cikinsa. Ki jiƙa, ki markaɗa, ki tace, ki tafasa sosai, ki zuba ruwan tsami ya dunƙule ya zama awara. Ki yanka ƙanana ki soya sama-sama ki jefa a miya a madadin nama. Dusar da ta rage a matata ma abinci ce, ki cuɗa ta cikin ƙullin ƙosai ko cikin garin tuwo. Sharaɗi ɗaya ne: waken suya sai ya dahu ko ya gasu sosai kafin a ci.

Idan an samu kuɗin nama kaɗan, ƙashi ko busasshen kifi ya fi tsoka auki. Ki daka kifin ya zama gari, cokali biyu zai ratsa miyar gida gaba ɗaya, kowa ya samu rabonsa. Kada kuma ki rage daddawa. Ita ke ba ki damar rage dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda, dunƙule kuwa yawancinsa gishiri ne. Masu hawan jini da muke gani kullum sun ishe mu ishara.

Yadda ake saye ya fi yawan abin da ake saye

Mai sayen ƙulli-ƙulli ita ta fi kowa biyan tsada. Man ƙulli, gishirin ƙulli, gwangwani ɗaya na shinkafa, kowanne da ribar mai shago a kansa. Ki zauna da maigida a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa lissafi a takarda. Kuɗin da yake bayarwa kullum, idan ya haɗa na mako ya ba ki a dunƙule, za ki sayi mudu a farashin kasuwa. Ba ƙari kika nema ba, sauyin tsari ne.

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a unguwa ku sayi buhu guda ku raba da mudu. Lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi da wake suka fi sauƙi. Mutanen Kano sun san bambancin farashin Dawanau da na shagon bakin layi, haka na 'Yan Kaba wajen kayan gwari. Kowane gari yana da irin tasa kasuwar, kuma yamma lis, lokacin da masu kayan miya ke shirin tashi, ita ce sa'ar mai ƙaramin kuɗi.

Tumatir yana arha da sanyi zuwa farkon bazara, ya yi tashin gwauron zabi idan damina ta kawo kai. Lokacin arharsa ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta ya zama kauɗa. Haka kuɓewa, tattasai da zogale, sai dai shi ganye a inuwa ake shanya shi don kada rana ta cinye amfaninsa. Ranar da tumatir ya gagara, kabewa da albasa da ɗan kauɗa suna ba da jar miya mai kauri.

Amma arha ba ta ado. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ko kyauta aka ba ki, kada ki karɓa. Tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Kada ki zuba fiya-fiya a wake don tsoron ƙwari, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Ki shanya waken ya bushe ƙamas, ki cika jarka mai tsabta har baki, ki toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin za su mutu da kansu.

Wuta ma kuɗi ce

Gas da gawayi suna cin rabon cefane a ɓoye. Ki jiƙa wake tun dare, zai dahu da wuri ba sai kin cika masa kanwa ba. Yawan kanwa yana kashe wani ɓangare na bitamin ɗin da ke cikin abinci. Ki riƙa rufe tukunya. Ga dabarar da nake yi ranar da zan tafi aikin safe: wake ya tafasa sosai kamar minti 20, in sauke da murfinsa, in naɗe tukunyar da tsohon bargo in cusa a kwando. Bayan awa biyu zuwa uku ya ƙarasa dahuwa da zafin kansa. Idan gawayi kike amfani da shi, kada ki shigar da kurfoti ɗaki ki rufe ƙofa, iskarsa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Ɗumame ba abin kunya ba ne, da shi aka raine mu. Sai dai ki tabbata ya yi zafi har cikinsa. Shinkafar da ta kwana a buɗe cikin zafi kuwa, ki haƙura da ita. Kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ya fi kuɗin wannan kwanon.

Kwanon ƙaramin yaro daban

Jariri nono zalla yake buƙata har wata 6. Daga nan ki ci gaba da shayarwa, ki fara ba shi abinci mai kauri, wanda ba ya zubewa daga cokali. Kunu tsararo ruwa ne kawai ke cika masa ciki.

Ga haɗin da nake koya wa iyaye: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A gyara, a soya kowanne daban ba tare da mai ba, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa. A dama da kauri a dafa shi sosai, a ɗiga manja ko man gyaɗa. Wannan shi na koya wa uwar yarinyar nan, tare da faten wake da aka dame da zogale. Bayan makonni shida da ta dawo, tef ya koma kore.

Ki zuba wa yaro nasa a kwanonsa, don a faranti ɗaya manyan yayye ke cinyewa kafin ya kai loma uku. Idan ƙwai ɗaya ne a gidan, nasa ne. Zancen wai ƙwai yana koya wa yaro sata camfi ne. Kada kuma a haɗa masa abinci da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin da ke ƙara jini. Lemo, gwaiba ko mangwaro bayan abinci su ke taimakawa.

Idan kika ga ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya daina karɓar abinci, wannan ya wuce dabarar girki. Ki kai shi asibiti mafi kusa a ranar. A cibiyoyin kula da tamowa ana ba da abincin magani kyauta, kuma na yaron ne shi kaɗai, ba a raba shi da 'yan uwansa.

Ke ma ki ci

Na san wadda ke kankare gindin tukunya bayan kowa ya ƙoshi. Ina ganinta a awon ciki da farin ido da jiri. 'Yar uwa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, ki ɗebi naki tun kina rabawa, kuma ki sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki a awo.

Na san akwai gidajen da ko mudun waken ma ya gagara. Idan Allah ya hore miki, ki leƙa maƙwabciyar da kwana biyu ba ki ji ƙarar turminta ba.

A gidanku wace miya ce ke fitar da ku idan wata ya yi nisa? Ki rubuto mana yadda kike haɗa ta, da abin da kike sakawa a madadin nama, wata uwar za ta ɗora ta gobe.