Mai Awo da Manomi: Yadda Ake Bin Sawun Fumfuna a Ɗaki

Fumfuna ma iri gare ta. Ƙwayoyin irin nata ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo a iska kamar ƙaiƙayi ranar sheƙa. Duk inda suka sami bango mai laima, ko ƙarƙashin katifa a tsakiyar damina, nan suke kafa gona. Mai asma shi ke fara sanin an yi shuka, da tari da atishawa da nauyin ƙirji. To, hanya biyu ake bi a gano su, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san su.

Ta farko na'ura ce da ake ajiyewa a ɗaki tana aiki dare da rana. Ita ce mai awo na kasuwar Dawanau, wanda tiya ba ta barin hannunsa. Iska na ratsa cikinta, hasken leza na haska duk ɓurɓushin da ya gifta, tana ƙirgawa, nan take ta aiko maka lissafi a waya. Sauri kam ba a magana. Sai dai mai awo cikar tiya ya sani. Gero ne, dusa ce, tsakuwa ce, in ta cika ta cika. Hazon hunturu ya shigo, ko an sa turaren wuta, ko ana suya a madafa, sai lissafin ya yi sama alhali babu fumfuna ko kaɗan. Babban amfaninta shi ne awon danshi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce kada danshin ɗaki ya haura kashi 60 cikin ɗari, na'urar kuwa za ta nuna maka daren da ya haura da ɗakin da ya haura.

Ta biyu hanyar manomi ce. Kafin ya yarda da iri, yakan ɗebi cikin hannu ya zuba a kasko, ya yayyafa ruwa, ya jira tsiro. Haka ɗakin gwaje-gwaje yake yi: a kama ƙwayoyin a faranti mai abincinsu, a rufe kamar mako guda, abin da ya tsiro a kira shi da sunansa, Aspergillus ne, Cladosporium ne, ko Stachybotrys, baƙar nan mai son silin kwali da ya daɗe a jiƙe. Akwai kuma hanyar gaggawa a ɗakin gwajin, inda ake zuƙo iska na minti biyar zuwa goma a duba da madubin likita, amma a can ƙwayar Aspergillus da ta Penicillium kamar gero da maiwa suke, sai sun tsiro ake raba su.

Manomin ma yana da inda yake tuntuɓe. Cikin hannu daga bakin buhu ba ya faɗin abin da ke gindi. Iskar da aka ɗiba da safe daban take da ta bayan shara, shi ya sa ake ɗibar ta waje a kwatanta. Irin da ya mutu kuma ba zai tsiro a kasko ba, amma hanci bai san ya mutu ba, atishawar tana nan.

Mai awo ke faɗin yaushe da ina, manomi ke faɗin mene ne. In likita yana son suna, ko ana jayayya da mai gidan haya, a tafi gwaji. In ana son sanin ko gyara ya ci, a bar na'ura ta yi ta gadi. Amma har yau Amurka ba ta da wani adadi na doka da ya raba iska mai lafiya da marar lafiya a kan fumfuna, kuma jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 laimar kanta ta nuna da yatsa. Wanda ya ga ciyawa ta cinye masa kunya ba ya aikawa a tambayo sunanta, fartanya yake ɗauka. In ka ga baƙi-baƙi a bango, ko warin ya tare ka a ƙofa, kuɗin gwajin ka ba mai gyaran kwano. Toshe yoyo, buɗe taga, abin da ya jiƙe kuma a shanya shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kafin irin ya kama ƙasa.