Kiɗan gem cikin rigar gargajiya: yadda Turawa ke yi da gogensu, da yadda za ka yi naka da waya

Idan ka shiga YouTube ka rubuta sunan wani tsohon gem, kamar Zelda ko Final Fantasy, ka haɗa da kalmar Celtic, bidiyoyi ne za su fito maka rututu. Wani na riƙe da goge, wata na busa sarewar ƙarfe, wani ya rungumi ganga mai kama da bandiri. Abin da suke kaɗawa kiɗan da ke tashi ne a cikin gem, sai dai sun sauya masa kayan kiɗa da tafiya har ya koma kamar na bikin ƙauye a ƙasar Ailan. Akasarinsu ba ma'aikatan kamfanin gem ba ne. Masoya ne kawai, a ɗakunansu suke naɗa.

Yau za mu duba mece ce wannan sana'a, me ya sa take yiwuwa, kuma ta yaya matashin da ke Dangamaji ko Jega ko Aliero ko Maiyama zai yi irinta da kalangu da sarewa ba tare da an rufe masa tasha ba.

Mene ne kiɗan Keltik?

Masu kallon ƙwallo sun san ƙungiyar Celtic ta birnin Glasgow. Sunan ya samo asali ne daga wasu al'ummomi na yammacin Turai masu harsuna 'yan uwan juna, waɗanda suke Ailan da Sikotlan da Wales da yankin Brittany na Faransa. Kiɗansu na gargajiya shi ake kira kiɗan Keltik, kuma na Ailan ya fi fita duniya.

Kayan kiɗansu ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Gogensu mai tsirkiya 4 ne, namu mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Suna da 'yar sarewar ƙarfe mai huda 6. Suna da ganga mai fuska ɗaya ta fatar akuya da suke kira bodhrán, wadda in ka gan ta sai ka rantse bandiri ce. Suna da wata algaita mai jaka, wadda ake hura mata iska da mafitar da ake matsawa da gwiwar hannu, don sautin ya yi ta tafiya ba yankewa, abin da mai algaitarmu ke yi da kumatunsa. Har ma suna kaɗa banjo, wadda asalinta molayen Afirka ta Yamma ne da bayi suka ƙera irinsu a Amurka, dangin molo da garaya ke nan.

Tafiyar kiɗan rawarsu iri biyu ta fi yawa. Akwai jig, wadda ake ƙirgawa shida-shida, nauyin yana sauka a kan ɗaya da huɗu. Akwai reel, mai tafiya huɗu-huɗu da sauri. Duk wanda ya saba jin kalangu ko kiɗan ƙwarya ba zai ɓata a tafiyar shida-shida ba.

Me ya sa kiɗan gem ke karɓar sabuwar riga?

Amsar tana cikin na'urorin da. Na'urar Nintendo ta farko da aka buga Super Mario Bros. a kanta a 1985 hanyoyin sauti 5 kacal gare ta. Uku ne ke iya rera kari, ɗaya ta shuu ce da ake kwaikwayon ganga da ita, ta biyar kuma ta ɗan guntun sautin da aka naɗa. Mai tsara kiɗa irin Koji Kondo, wanda ya yi kiɗan Mario da na The Legend of Zelda na 1986, ba shi da wurin ɓuya. Dole karin ya zama gajere, mai kama zuciya, wanda za a maimaita sau ɗari ba a ƙosa ba.

Haka kiɗan gargajiya yake a ko'ina. Gajeren kari ne da ake juyawa ana ƙara masa ado, kowane makaɗi da nasa hannu. Shi ya sa in aka cire ƙarar lantarki daga karin gem aka miƙa wa mai goge, sai ya zauna daram.

Wani misali ya ƙara fito da abin fili. A Zelda: Ocarina of Time na 1998, ɗan wasa da kansa yake busa waƙoƙi, kuma muryoyi 5 kawai aka ba shi ya yi amfani da su. Kiɗan gargajiyar Hausa mafi yawansa a kan matakalar murya 5 yake tafiya, haka ma wasu tsofaffin karin Sikotlan da Ailan. In kana son jin wannan matakala, taɓa baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai.

Aron ma ba ta hanya ɗaya yake tafiya ba. Sanannen kiɗan Tetris na Game Boy na 1989 tsohuwar waƙar gargajiyar Rasha ce mai suna Korobeiniki, ta ƙarni na 19. Ita kuwa ƙarar wayar Nokia da iyayenmu suka haddace, an yanko ta ne daga wani kiɗan jita mai suna Gran Vals da Francisco Tárrega na Sifaniya ya tsara a 1902.

Daga faifan kamfani zuwa ɗakin masoya

Kamfanoni ne suka fara buɗe ƙofar. A 1991 aka fitar da faifan Final Fantasy IV: Celtic Moon, inda wata gwanar goge 'yar Ailan, Máire Breatnach, ta ɗauki kiɗan da Nobuo Uematsu ya tsara wa gem ɗin ta sake masa fasali da kayan kiɗan ƙasarsu. A 1998 Yasunori Mitsuda ya yi makamancin haka da kiɗan gem ɗin Xenogears a faifan da ya kira Creid.

Da intanet ta yaɗu sai masoya suka karɓe aikin. A 1999 David Lloyd ya kafa dandalin OverClocked ReMix, inda ake tara kiɗan gem da masoya suka sake tsarawa, kyauta ga mai saukewa. Aikinsu ya yi kyau har kamfanin Capcom ya ba su kiɗan Super Street Fighter II Turbo HD Remix na 2008. A 2022 kuma ƙungiyar 8-Bit Big Band ta ci kyautar Grammy da wani kiɗan gem ɗin Kirby da ta sake tsarawa. Shekara guda bayan haka, babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka kiɗan Mario cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa, karo na farko da kiɗan gem ya shiga.

Mu ma mun daɗe muna yi

Ɗaukar karin wata ƙasa a ɗinka masa rigar gida ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Kano an yi ƙungiyar Ushaq'u Indiya, masu bege da bandiri, waɗanda suke ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora masa yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mawaƙan Kannywood su ma sun yi ta aron karin Indiya.

Sai dai a wajenmu abin ya zo da asara. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyano ta mamaye situdiyon Kano, mutum ɗaya ke danna maɓalli ya fitar da abin da ya yi kama da kalangu da sarewa, makaɗin gaske kuma yana zaune a gida ba a neme shi ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da kiɗan gidan Dandawo da aka sani a Argungu da Yawuri, yanzu a tsofaffin kaset da katin waya aka fi jin su. Yaron da ya haddace kiɗan Free Fire zai iya kasa bambance kukuma da goge.

A nan dabarar 'yan Ailan take da amfani. Su karin baƙo suka aro, amma hannun da ke kaɗawa nasu ne, kayan kiɗan ma nasu ne. Yaro a Japan ko Brazil ya zo neman kiɗan Zelda, ya tafi da son sarewar Ailan. Haɗin ma an taɓa gwada shi da kiɗan yankinmu: ƙungiyar Afro Celt Sound System, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1996, ta gama algaitar Ailan da kora da gangar tama, 'yar uwar kalangu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda za ka yi naka da waya

Na farko, zaɓi kari mai sauƙi. Kada ka fara da kiɗan Mario, domin yana da rabin-rabin murya masu yawa da sarewar kara ba za ta iya fitarwa ba. Nemi gajeren kari mai tafiya a hankali, wanda za ka iya yi da fito ba tare da ka sarƙe ba.

Na biyu, sauke manhajar naɗi mai layuka da yawa. BandLab kyauta ce a Android da iPhone. FL Studio Mobile ta kuɗi ce. Kowacce tana ba ka damar naɗar ganga a layi ɗaya, sarewa a wani, sannan ka daidaita ƙarfinsu daga baya.

Na uku, koya wa makaɗi karin da baki. Makaɗanmu da kunne suke ɗauka, kamar yadda makaɗan ƙauyukan Ailan suka gada. Rera masa sau da yawa, sannan ka ƙyale shi ya sa nasa ado. In ya lanƙwasa wata murya don ta dace da kayan kiɗansa, kada ka hana. Wannan lanƙwasar ita ce abin da ka zo nema.

Na huɗu, fara naɗar ganga, sauran su biyo ta. Sa wa makaɗi iyafis mai igiya ya riƙa jin abin da aka riga aka naɗa. Na bulutut yana jinkirta sauti, sai ka ji kiɗan ya saɓa. Nemi ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, a nisanci janareta, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse aiki. Ajiye wayar kamar kamu ɗaya zuwa biyu daga goge ko sarewa, kalangu kuma a ƙara masa nisa don kada sautin ya fashe.

Na biyar, kada ka sa wa goge ko sarewa manhajar gyaran murya. Muryarsu ba ta faɗuwa daidai a kan matakalar fiyano, kuma ba kuskure ba ne. In ka tilasta musu, ka kashe ɗanɗanon.

In kuwa gidanku ba a son goge, kamar yadda yake a gidaje da yawa, akwai sarewa da ƙwarya da shantu da tafi.

Maganar haƙƙin mallaka

Kayan aro ba ya rufe katara. A kowane kiɗa akwai haƙƙi biyu: na wanda ya tsara karin, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. In ka kwafo sautin gem kai tsaye ka ɗora a tasharka, ka taka duka biyun. Haka ta faru da tashar GilvaSunner, wadda ta shahara da ɗora kiɗan Nintendo na asali a YouTube: a farkon 2022 kamfanin ya toshe mata bidiyoyi dubbai, mai ita ya rufe ta.

In kai ka sake kaɗawa, sautin naka ne, amma karin na mai shi ne har yanzu. YouTube na da tsarin Content ID da ke gane kiɗa da kansa. Sau da yawa abin da zai faru shi ne a bar bidiyonka amma kuɗin talla ya tafi ga mai haƙƙi, ko a toshe shi a wasu ƙasashe. Wannan daban yake da gargaɗin keta haƙƙi, wanda in ya taru sau 3 a cikin kwana 90 ana iya rufe tashar gaba ɗaya. In kana son sayarwa a Spotify ko Apple Music, sai ka nemi lasisin sake rera kiɗan wani, kuma wasu kamfanonin rarraba kiɗa suna yi wa mutum wannan hidima a kan kuɗi. Rubuta sunan gem da na wanda ya tsara kiɗan ladabi ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin lasisi.

A gida ma akwai doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare kiɗa tsawon ran mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan waƙoƙin Shata da Ɗanmaraya ba na banza ba ne, suna da magada.

Akwai kuma haƙƙin da ya fi kusa da kai, na makaɗin da ya ba ka hannunsa. Ku yi magana a fili kafin a fara naɗi: nawa za ka biya shi, ina za ka ɗora, ya za a raba in kuɗi ya shigo. Ka sa sunansa a kan bidiyon, ka nuna fuskarsa in ya yarda, ka tura masa abin da aka haɗa ya ji kafin duniya ta ji.

Ba sai ka je Kano ko Legas ba. Wayar da kake buga gem da ita ta isa ta naɗi gwajin farko, makaɗan kuma suna nan a bukukuwa da wuraren dambe da kokawa da ranar kasuwar Jega. Fara da minti ɗaya: kari ɗaya, kalangu ɗaya, sarewa ɗaya. Kunna wa abokin da ya san gem ɗin, sannan ka kunna wa dattijon da bai taɓa riƙe shi ba. In abokin ya gane kiɗan, dattijon kuma ya gyaɗa kai, to ka kama hanya.