Kujerun da Babu Kowa a Kai: Yadda Kuɗin Hayar Manhaja ke Zurarewa a Ofisoshi

A watan Janairun 2023, babban mai binciken hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya fitar da rahoton da ya ba mutane mamaki. Hukumar da ta kai ɗan Adam duniyar wata ta kasa tantance yawan manhajojin kwamfuta da take biya da waɗanda ake aiki da su. Masu binciken sun ƙiyasta cewa cikin shekara biyar an kashe kimanin dala miliyan 15 a kan lasisin da ba a yi amfani da su ba, ban da wasu miliyan 20 na tara da biyan da ya wuce ƙa'ida. In masu harba kumbo sun yi wannan tuntuɓe, ina ga asibiti mai zaman kansa ko ƙungiyar agaji mai ma'aikata ɗari?

Da can sayen manhaja kamar sayen teburi ne. A biya sau ɗaya, a karɓi faifai a kwali, a ɗora a kwamfuta, a yi ta aiki da shi har kwamfutar ta tsufa. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a 1999, yana cikin waɗanda suka fara sauya wannan tsari: manhajar tana zaune a manyan kwamfutocinsu, mai buƙata ya shiga ta intanet, ya biya kuɗin wata. Wannan shi ake kira gajimare. Microsoft ya fito da Office 365 a 2011. A 2013 Adobe, mai Photoshop, ya sanar cewa ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na zane a kwali, sai dai a shiga tsarinsa na haya, Creative Cloud. Daga nan mai saye ya koma ɗan haya.

Hayar kuma ba ta gida ɗaya ba ce, ta kujera ce. Kowane ma'aikaci da aka buɗe wa asusu a Microsoft 365 ko Google Workspace ko Zoom ana lissafa shi kujera guda, kuma kamfanin da ya bayar da hayar bai damu ba ko an zauna ko ba a zauna ba. Ƙarshen wata zai cire kuɗinsa.

Nan ne ɓarakar take. A ɗauki misalin ofishin da akawu ya yi murabus bayan Sallah. An yi masa walimar bankwana, ya miƙa makullin durowa da katin shaida, amma babu wanda ya tuna ya gaya wa mai kula da kwamfutoci. Asusunsa na nan a buɗe, ana biya. Haka na 'yan hidimar ƙasa da suka gama shekararsu, da na ɗan kwangilar da ya yi wata uku ya tafi. A ce kowace kujera dala 10 ce a wata, kujera ashirin da babu kowa a kai sun ci dala 2,400 a shekara. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Wanda ya bar aiki cikin fushi, kuma har yanzu yana iya buɗe wasiƙun ofis daga wayarsa, haɗarinsa ya fi haka.

Akwai kuma sayen babbar riga ga wanda 'yar shara ta ishe shi. Kamfanonin nan suna da matakai: na ƙasa mai imel da ɗan wurin ajiya, na sama mai kayan tsaro da nazarin bayanai. Sau da yawa akan saya wa kowa na sama don gudun dogon lissafi, har da direban da aikinsa bai wuce duba saƙo ba. Sai kuma abin da kowane sashe ya saya a gefe ba da sanin kowa ba. Sashen talla ya yi rajistar wata manhajar taro da katin manajansa, sashen kuɗi ya yi wata, alhali manhajar taro ta Teams na cikin ƙunshin da ofis ya riga ya biya. Da yawansu ma da gwajin kyauta suka fara, wa'adi ya cika, katin ya ci gaba da biya shiru.

Fita daga hayar ba ta kai shiga sauƙi ba. A tsarin da Microsoft ya shigo da shi ta hannun dillalansa a 2022, wanda ya ɗauki alkawarin shekara yana da 'yan kwanaki kaɗan na farko da zai iya rage kujeru. Bayan haka sai shekara ta zagayo. Wanda ya zaɓi alkawarin wata-wata don ya samu sararin ragewa kuwa, yana biyan ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari. A watan Yunin 2024 hukumomin Amurka sun maka Adobe a kotu, suna zargin kamfanin da ɓoye kuɗin soke yarjejeniya a tsarinsa na shekara da ake biya wata-wata, wanda ya kai rabin abin da ya rage wa mutum.

Mai gida kuma yana iya sauya ƙa'ida duk lokacin da ya ga dama. A Janairun 2023 kamfanin Oracle ya mayar da farashin manhajar Java bisa yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, ba waɗanda ke amfani da ita kaɗai ba. Kamfanin Broadcom ya sayi kamfanin manhaja na VMware a ƙarshen 2023, nan da nan ya daina sayar da lasisinsa na dindindin.

Ga ofisoshin Najeriya akwai ƙarin nauyi, domin yawancin wannan haya da dala ake yanke ta. Kafin Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Kujerar da ba a ƙara wa ko sisi ba ta ninka sau uku a littafin akawu, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Kujerar banza da ake kawar da kai a kanta jiya, yau ta zama abin tattaunawa a taron kasafi.

Maganin, abin mamaki, ya fi kama da aikin magatakarda fiye da na injiniya. Ana farawa da rajista guda: sunan manhaja, wanda ya nema, kujera nawa, nawa ake biya, da wane kati, yaushe za ta sabunta kanta. Hanya mafi sauri ta haɗa ta ita ce a zauna da takardun banki na shekara guda a bi su layi-layi, domin abin da ma'aikata suka manta banki bai manta ba. Gwamnatin Amurka sai da ta kafa doka a 2016, mai suna MEGABYTE, don tilasta wa hukumominta yin irin wannan ƙidaya, kuma labarin NASA ya nuna doka kaɗai ba ta wadatar. Dole a ɗora wa mutum ɗaya alhakin rajistar, wanda za a tambaya in lissafi ya ƙi.

Shafin gudanarwa na Microsoft 365 da na Google Workspace suna nuna ranar da kowane asusu ya shiga na ƙarshe. Wanda ya yi wata uku bai leƙo ba, a tambayi shugabansa. Sashen kula da ma'aikata kuma ya sa rufe asusu cikin takardar sallama, kusa da miƙa makulli. Ranar sabuntawa a rubuta ta da jan biro wata biyu ko uku kafin ta zo, don a lokacin ne kaɗai ɗan haya ke da bakin ciniki.

Wasu kan bi gajeriyar hanya, mutum biyar su riƙa shiga da kalmar sirri ɗaya. Wannan ya saɓa yarjejeniyar yawancin kamfanonin, kuma ran da takarda ta ɓace ba za a san hannun wa ba ne.

Sai dai a yi hattara wajen yanka. Asusun akawun nan da ya tafi yana iya ɗauke da rasiɗan shekara biyar. A Microsoft 365, idan aka goge asusu akwai kwana 30 na dawo da shi. Idan kuma hayar ofis gaba ɗaya ta ƙare ba a biya ba, akan bi matakai na 'yan watanni, daga gargaɗi zuwa kulle asusu, sannan a share bayanan. Shi ya sa masu kula da kwamfutoci kan fara toshe shiga, su kwashe fayiloli da wasiƙu zuwa hannun magajin kujerar, sannan su cire lasisin su ajiye wa sabon ma'aikacin da zai fara aiki ranar Litinin.