Digiri na Biyu a Fannin Lafiyar Al'umma: Kafin Ki Sayi Fom

A wannan watan za mu duba wani karatu da mata da yawa ke sha'awa, wato digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wanda aka fi sani da MPH.

Da farko ki sani, wannan digiri ba ya mai da mutum likita. Likita majinyaci ɗaya yake dubawa, ke kuwa unguwa ko gari guda za a koya miki dubawa. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Da masana suka bi sawu, sai suka gano cewa duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ne sanadi. Ban da ba yaran magani, sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar tsakar gidajen. Irin aikin da ake shirya ki dominsa ke nan, rigakafi ya fi magani.

To, ina za ki nema? Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk suna ba da wannan digiri. Amma kada sunan makaranta kaɗai ya ja ki. Ki bincika ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da makarantar, don kada kuɗinki su tafi a banza. Ki karanta sharuɗɗan shiga da kyau, domin wasu wuraren sun fi karɓar likitoci da ma'aikatan jinya, kuma za a nemi takardar bautar ƙasa. Sannan ki tambayi waɗanda suka gama a can, shekara nawa suka yi a zahiri? Abin da ke rubuce a takarda daban, abin da yajin aiki da jinkirin malami mai duba bincike ke jawowa daban.

Ki duba tsarin karatun da halin gidanki. Mai goyo ko mai aiki, karatu daga nesa ta intanet zai fi mata sauƙi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da irinsa. Sai dai yana son wutar lantarki, da data, da mai iya tsare kanta.

Idan kin shiga, darussa biyu ne ke ba ɗalibai wuya: ilmin bin sawun yaɗuwar cututtuka, da lissafin ƙididdiga. Kada ki tsorata, ki shiga rukunin bita tun makon farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga baya sai aikin bincike, inda za ki shiga gida-gida ko asibiti kina tattara bayanai. A nan ke mace kin yi sa'a, domin ɗakin da namiji ba ya shiga ke za ki shiga, kuma abin da mai jego ba za ta faɗa wa baƙo ba, ke za ta faɗa miki. Don haka ki zaɓi matsalar da kika sani, kamar haihuwa a gida, ko tamowa, ko ƙin kai yara rigakafi.

Daga ƙarshe, ki zauna da maigida tun kafin sayen fom. Ku yi lissafin kuɗin makaranta, da na mota, da na bincike, ku tsayar da wanda zai riƙe yara a makon jarrabawa. Karatun da aka fara da shawara shi ake gamawa cikin kwanciyar hankali. Allah ya ba da sa'a.