Inuwa da Sola: Wanne Mai Kula da Gini a Garwa Zai Fara Saya?

Duk wanda aka damƙa wa kula da babban gini a Garwa ta arewacin Kamaru, otal ne ko asibiti ko ofishin gwamnati, ya san Maris da Afrilu su ne watannin hisabinsa. Garin yana zaune a kwarin Binuwai, inda zafi kan taru ya rasa mafita, ma'auni ya haura 40 rana bayan rana. A daidai lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo ke yin ƙasa, wuta ta koma zuwa tsilla-tsilla. Baƙo na ƙorafi a ɗaki, ma'aikaci na fifita da fayil, janareta na ruri a bayan gini, akanta kuma na jiran takardar kuɗin mai.

Idan ɗan kuɗi ya shigo hannun irin wannan mutum, shawara biyu ce za ta same shi. Ɗaya daga mai sayar da kayan sola: a shimfiɗa faifai a kan rufi, a jera batura, a huta da jiran kamfanin wuta. Ɗayar kuma daga kafinta ko tsohon magini, wanda zai ɗaga kai ya dubi kwanon rufin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai zafin nan kai kake gayyato shi." Na farko yana so a ƙara wutar da za a yaƙi zafi da ita, na biyu yana so a hana zafin shigowa tun daga waje. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai kuɗin ba zai ishi duka biyun a shekara guda ba.

Mai sola ya fi samun masu sauraro, kuma ba banza ba. 'Yan China ne suka gina Lagdo tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, da injina huɗu masu bayar da megawat 72 idan ruwa ya cika. Shekara da shekaru kusan ita kaɗai ke ɗauke da jihohin arewacin Kamaru uku, daga Ngaundare har Marwa, domin layin wutar arewa ba a haɗe yake da na kudu ba. Mutanen Yola da Makurɗi sun san sunan Lagdo ta dalilin ambaliyar 2012 da ta 2022. Mutanen Garwa sun fi saninta da ƙarancin ruwa. A 2021 abin da take bayarwa ya faɗi ƙasa da rabi, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, aka ƙara dogaro da injinan dizal na unguwar Jambutu a Garwa. Abin da ya kawo ɗan sauƙi shi ne tashoshin sola biyu da kamfanin Scatec na ƙasar Norway ya kafa a Gidar da Marwa ya ba kamfanin wuta na Eneo haya, megawat 36 gaba ɗaya tare da batura, waɗanda aka ƙaddamar a 2023. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azin sola.

Janareta kuwa ba abokin gwaji ba ne a wannan magana, lissafi kaɗai ya kore shi. Lita ɗaya ta dizal kan bayar da yunit uku na wuta ko kusa da haka. A Fabrairun 2024 gwamnatin Kamaru ta kai litar sefa 828, ke nan kowane yunit yana cin kimanin sefa 275 a mai kaɗai, ban da gyara da baƙin mai, alhali wanda Eneo ke sayar wa shago ko ƙaramin ofis a lokacin bai kai sefa 100 ba. Masu ƙananan janareta da suka saba da zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, su ma arharsu ta ƙare tun da aka cire tallafi a Abuja a watan Mayun 2023.

Babban abin da sola ta fi kowa da shi shi ne ranar da ke kawo zafi ita ke kawo wutar. Ofishin gwamnati a Kamaru yana buɗewa ƙarfe bakwai da rabi na safe ya tashi uku da rabi na yamma, wato aikinsa duka yana cikin sa'o'in da faifan ke da ƙarfi. Irin wannan gini zai iya cin moriyar sola da batura kaɗan. Makaranta ma haka.

Amma akwai abubuwan da mai sayarwa ba ya gaggawar faɗa. Faifan sola haske yake so, ba zafi ba: da zarar jikinsa ya wuce 25 a ma'auni ƙarfinsa ya fara raguwa, kimanin kashi 4 cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma, kuma a rufin Garwa da tsakar rana jikin nasa kan wuce 60. Ƙurar hunturu na kwanciya a kansa, in ba a ɗora wa wani nauyin wanke shi ba sai wutar ta yi ta zurarewa ba wanda ya lura. Sai maganar dare. Otal da asibiti ba sa tashi ƙarfe uku da rabi, kuma dare a Garwa cikin Afrilu ba ya huce wa kowa. Wutar dare daga batir take fitowa, batir shi ne mafi tsada a kayan, shi ne kuma mafi saurin lalacewa idan aka kulle shi a ɗakin ajiya mai rufin kwano, inda aka fi yawan kulle shi.

A nan ne maganar kafinta ta fara nauyi. Iyakwandishan ɗaya irin ta ɗakin ofis tana jan wat dubu ɗaya ko fiye. Fankar silin tana jan kimanin 70. Wutar iyakwandishan guda za ta juya fanka kusan goma sha biyar. Don riƙe wannan na'ura ɗaya da rana ana buƙatar manyan faifai uku ko huɗu. Gini mai ɗaki ashirin ya tashi neman faifai kusan tamanin kafin a zo ga batura. Yawan faifan da za a saya, ashe, rufi da bango da taga ne ke yanke shi, ba mai sola ba. Sanya sola a kan ginin da ke shan zafi ta ko'ina ɗibar ruwa ne da rariya.

Ta ina zafin ke shiga? A gini mai hawa ɗaya, rufi ne babbar ƙofarsa. Kwano mara sili a tsakar rana ba ya taɓuwa da hannu, kuma duk wannan zafi yana sauka ne a kan na ƙasa. Bayansa sai bangon yamma, wanda ke shan rana daga azahar zuwa magariba, sai tagar gilashi mara rumfa, wadda ke barin haske ya shiga ta kuma hana zafin fita. Bulo na siminti mai rami ba ya da kaurin da zai jinkirta komai. Simintin Figil yana kusa, kwano yana da saurin ɗorawa, shi ya sa garin ya cika da irin wannan gini.

Yankin nan kuwa bai rasa malamai a wannan fanni ba. Musgum na bakin kogin Logon, wajen Pus da Maga, sun daɗe suna gina ɗakuna masu tsini da zallar laka, wasu har mita tara, da rami a ƙololuwa. Iska mai zafi tana hawa sama ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙofa, zanen da ke jikin bangon kuma matakala ce ta mai yaɓe, hanya ce kuma ta ruwan sama. Marubucin Faransa André Gide ya gan su a 1926 ya yaba su matuƙa a littafin tafiyarsa. Maginin Bahaushe ya bi wata hanyar: tubali mai kauri, soro da azara, ƙananan tagogi can sama, zaure da ke tare rana kafin ta kai cikin gida. Bango mai kauri yana haɗiye zafin rana ya riƙe shi sa'o'i, shi ya sa tsohon soro ke da sanyi lokacin da titi ke tafasa.

Ba wai a koma gina asibiti kamar ɗakin Musgum ba. Waɗanda suka ɗauki darasin suka sabunta shi suna nan. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da aka danne da inji, ya ɗora rufin kwano mai faɗi a kan ƙarafa, ya ɗaga shi sama da silin ƙasa ta yadda iska ke ratsa tsakaninsu. Kwanon ya zama laima kawai. Ginin ya samu lambar Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi lambar Pritzker a 2022. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa, suka mayar da tsohon masallacin, aikin shahararren magini Falke Barmu na Yama, ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Kamaru ma tana da hukumar bunƙasa kayan gini na gida, Mipromalo, tun 1990, ko da yake wanda ya zaga sababbin unguwannin Garwa zai yi wuya ya ga alamar hakan.

Ƙasa ita ma tana da nata aibin, kuma masu yabonta daga nesa kan tsallake shi. Zafin da bango ya haɗiye da rana da dare yake amayar da shi. Abin da ya sa kakanninmu ke kwana a tsakar gida cikin bazara ke nan, kuma ba za ka ce wa baƙon otal ko matar da ta haihu ta fito da tabarma ba. Garwa tana samun ruwan sama kusan milimita dubu a shekara, fiye da Marwa, don haka bangon ƙasa mara kariya yana neman yaɓe duk shekara. Akwai kuma ɗakunan da ba inuwar da za ta ishe su: ɗakin tiyata, ma'ajiyar jini da ta allurar rigakafi, ɗakin manyan kwamfutoci. Waɗannan sai na'ura, sai wutar da ba ta ɗaukewa. Duk wanda ya ce itace zai maye gurbin firijin rigakafi bai taɓa riƙe asibiti ba.

Ga kuma gaskiyar cewa mai kula da gini ba shi ya zana ginin ba, gado ya yi. Ba zai juya fuskarsa daga yamma zuwa arewa ba. To amma abin da ya rage a hannunsa ba kaɗan ba ne. Zai iya shafa wa rufi farin fenti. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda zafinsa bai gaza na Garwa ba, ya mayar da wannan shirin hukuma tun 2017, kuma cikin ɗaki kan ragu da digiri biyu zuwa biyar. Zai iya sa sili ya buɗe wa iska mafita a ƙarƙashin kwano. Zai iya kafa rumfa a kan tagogin yamma. Zai iya dasa dogon yaro, wanda duk wanda ya taka titunan Marwa ya san aikinsa, ko da yake sai ya yi haƙurin wasu shekaru ya kuma nisanta shi da tushen gini. Zai iya sa a riƙa wanke matatar iyakwandishan, wadda ƙura ke toshewa har na'urar ta yi ta nishi tana shan wuta ba sanyi. Zai iya hana a ajiye ta a kan 16, ɗabi'ar da ta zama alamar girma a ofisoshinmu, inda oga ke zaune cikin kwat ƙofa kuma a buɗe. Indiya ta wajabta tun 2020 cewa sabuwar na'ura ta fito daga masana'anta a saite a kan 24. Idan aka haɗa 26 da fanka, yawancin mutane ba za su nemi ƙari ba.

Me ya sa, duk da arharsu, waɗannan ke shan kaye a teburin kasafi? Domin sola tana da hoto. Ana yanke mata ƙyalle, ana kiran 'yan jarida, mai ba da tallafi yana ƙirga faifai ya rubuta a rahoto. Ba wanda ke gayyatar gwamna bikin wanke matata. Sayen kaya kuma yana da kwangila, kwangila tana da masu so. Albashin yaron da zai hau rufi da bokiti duk mako ba ya da mai kare shi idan aka zo rage kashe kuɗi. A gine-ginen hukuma akwai ƙarin matsala: sau da yawa wanda ke kunna na'ura ba ya taɓa ganin takardar kuɗin wuta, wani ofishi can ne ke biya, in ma an biya.

Ni dai da za a tambaye ni, kuɗin shekarar farko na kafinta ne da mai fenti, ban da abin da za a ware wa ɗakunan da rai ya rataya a kansu, waɗanda ya kamata su samu solarsu da batirinsu a yau, a kan layi dabam da na sauran gini. Sai a shekara ta biyu a kira mai sola, bayan an karanta mita an ga nawa ginin ke ci a yanzu, domin tsarin da zai auna a lokacin zai fi ƙanƙanta, baturansa su fi daɗewa. Inda nake ja da baya shi ne manyan gine-ginen kankare irin waɗanda aka gina ko aka sabunta don gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022, lokacin da filin Rumde Ajiya na Garwa ya karɓi baƙuncin Super Eagles. Otal mai hawa da yawa rufinsa kaɗan ne idan aka gwada da yawan ɗakunansa, itace kuma ba ya kai wa hawa na uku. A irin wannan wuri gara a kafa faifan a kan rumfar ajiye motoci da kuma saman rufi da tazara, su tare rana su kuma bayar da wuta.

Ana aikin layin da zai haɗa arewa da kudu, ya kawo wutar madatsar Nachtigal mai megawat 420 har ya zarce Chadi. Ranar da ya iso, hujjar mai sola ta tsoron ɗaukewar wuta za ta yi rauni, sai ya koma yin gardama da farashin yunit. Takardar kuɗin wuta kuwa za ta ci gaba da zuwa duk wata, kuma ginin da ba a taɓa rufinsa ba zai ga adadinta ya ƙaru, tun da na'urorinsa za su samu wutar yin aiki dare da rana.